Man Inna a Kan Ledar Ɗaki

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar. Kalgo.

Ƙarya ne. Haka na ce wa Dakta Ishaya, malamin da ke duba aikina, a ofishinsa, kuma ga shi ina maimaitawa a nan: ƙarya ne, wani ne ya tafka shirme a ɗakin gwaji.

Bari in jera abin daki-daki ko zuciyata ta sauka. Aikina na shekarar ƙarshe a jami'a shi ne in auna man gyaɗan da ake sayarwa a Kalgo da Gwandu, in ga ko sinadarin da ake sa wa roba don ta yi laushi yana shiga ciki. Fatalet ake kiran danginsa, wanda nake nema kuma DEHP. Ba ya riƙe jikin roba da kyau. Da ya haɗu da maiƙo, balle mai zafi, sai ya saki robar ya bi man. Kwalba shida na sayo a kasuwa, daga jarkokin da ke wuni a rana. Ta bakwai kuwa daga hannun Inna na karɓa da ɗuminsa, na zuba a kwalbar gilashin da na wanke da kaina, don in sami mai tsabta wanda zan gwada sauran da shi. Man Dije fa, mahaifiyata. Shekara ashirin da wani abu tana matsa mai a Gwandu, ba wanda ya taɓa dawo mata da kwalba.

Yau sakamako ya dawo daga garin da muka aika, don a can na'urar take. Shida na kasuwa da sauƙi. Ta bakwai ta fi su duka, ba kusa ba.

Dakta ya bari na gama hayaniyata, sannan ya ce, "Huseina, zauna mana. Wannan sinadarin yana ko'ina, har a bututun ɗakin gwajin kansa. Yana iya zama kuskure. Ki je gida ki ɗebo kwalba uku mu sake aikawa. Amma ki buɗe ido ki kalli aikin tun daga gyaɗa har kwalba. Kuma kada ki yi maganar da kowa sai mun tabbatar."

In kalli aikin! Ni da na yi rarrafe a gindin turmin nan. Mutumin nan sanyinsa yana ba ni haushi, ko gobara ce ta tashi sai ya gyara zaman tabarau tukuna.

Talata, 8 ga Oktoba, da safe.

Kuskurensu ne. Za su gani.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan azahar. Gwandu.

Na kalli aikin.

Tun asuba Inna ta soya gyaɗa a kasko, muka murje, muka sheƙe, aka kai inji aka markaɗo. Ta juye a turmi, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da muciya har mai ya fara tsatstsafowa. Duk wannan ba roba ko ɗaya. Kasko na ƙasa, turmi na ice, kwano na silba. Ina ta murna a raina, har na fara shirya abin da zan gaya wa Dakta.

Sai ta jawo abin matsa.

Benci ne da aka karkata, an lulluɓe shi da yankin ledar ɗaki, irin mai zanen furanni shuɗaye da ake shimfiɗawa a ƙasa. A kanta take ɗora tunkuza da zafinta, ta danna da ƙarfin kafaɗa, ta murza, ta sake dannawa, mai yana gangarowa ta kan ledar zuwa kwano. Sama da awa biyu. Ran da na karɓi kwalba ta bakwai ma haka aka yi a gabana, idona biyu, ban ga komai ba saboda na saba gani.

Da ta gama na taɓa ledar. Gefenta, inda mai bai kaiwa, laushi ne kamar ranar da aka sayo. Tsakiyar kuwa ta ƙage kamar busasshiyar fata, zanen ya koɗe, har ta fara tsagewa.

Inna ta ga ina taɓawa ta ce, "Wagga leda ba ta da ƙarko ko kaɗan. Wata biyu, sai ta bushe ƙayau, sai in yanko sabuwa. Ban san ina laushin ka tahiya ba."

Ni na san inda yake tafiya. Na cika kwalabena uku.

Ba zan rubuta yadda ledar nan ta shigo gidanmu ba. Ba yau ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi.

Na ce mata ta daina matsa a kan leda. Ban faɗi dalili ba, tunda an hana ni. Dariya ta yi har da riƙe ƙugu.

"Yau kuma? Ke Huseina, bokonki kullum da sabon launi. Bara waccan ba ke..."

Sauran abin da ta ce ba na wannan littafin ba ne. Na ɗauki jakata na tafi tasha ko karin kumallo ban yi ba. Ta bi ni da ƙuli-ƙuli har zaure, na ce na ƙoshi.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan magariba. Kalgo.

Kwana uku ina karatu a kan abin nan, kuma duk shafin da na buɗe sai raina ya ƙara ɓaci. An daɗe da saninsa. A gwajin da aka yi wa dabbobi yana taɓa sinadaran jiki masu tafiyar da haihuwa, ya fi kama 'ya'ya maza tun suna ciki. A kan mutane ana ta bincike, wasu ƙasashen kuma ba su jira ba, sun hana sa shi a kayan wasan yara da abin da zai taɓa abinci mai maiƙo. Mu kuwa fa? Ana naɗo mana shi yadi-yadi da furanni, mai shago ya auna ya yanka, ko layi ɗaya babu a jiki da zai ce kada ya taɓa abinci. Wa zai rubuta? Wa ya damu? Wanda ya ƙera ta don ƙafa ya ƙera, za su ce, ba ruwansa da wata Dije a Gwandu.

Peace, wadda muke ɗaki ɗaya, ta ce in kashe wayar in ci abinci. Ta soya ƙwai. Da man da na zo da shi watan jiya ta soya. Na ture farantin, ta kalle ni kamar na zare.

Yaya Hauwa'u tana da ciki wata biyar. Duk Juma'a Inna na aika mata kwalba guda, ta ce mai ciki ba ta cin man kasuwa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar.

Na kira Yaya Hauwa'u. Minti huɗu kawai muka yi.

Asabar, 19 ga Oktoba, da safe.

Ba wanda ya kira ni daga gida. Ko Inna da ba ta fashin kiran Asabar.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan la'asar.

Gwaggo Jidda ta dawo da mai.

Gwaggo Jidda mai ƙosai, wadda tun kafin a yaye ni take sayen man Inna, wadda rabin abin da Inna ke matsawa gidanta yake tafiya. Da ƙafarta ta zo, ta dire galan a tsakar gida, ta ce ba ta iya ba mutane abin da ɗiyar mai shi ma ta ce kada a ci. Yaya ce ta gaya mini tana kuka. Bayan Gwaggo Jidda, masu masa biyu sun fasa. Mai tsiren bakin tasha ya ce a dakata da kai masa ƙuli.

Wayar Yaya tun bara abin jinta ya lalace, ba ta amsa kira sai ta buɗe murya kowa na ji. Duk danginmu mun san haka. Muna ma tsokanarta da cewa wayarta gidan rediyo ce. Uwar mijinta tana zaune a tabarma ɗaya da ita suna tsinke zogale lokacin da na kira.

To ita tsohuwar, dole ne sai ta yaɗa? Shi kuma Atiku, mijin Yaya, namiji guda da gemu, ba shi da aikin da ya wuce ya kai zancen majalisar bakin masallaci? Ya ci man nan shekara huɗu kyauta, wuyansa har ya yi ninki, yau shi ne mai cewa dama yana jin wani ɗaci-ɗaci. Ɗacin uwar me? Abin nan ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari! Garin da ba a iya gyara kwata amma a iya kai magana unguwa bakwai kafin la'asar.

Na kira Inna sau shida. Ba ta ɗauka ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi.

Sakamako na biyu ya zo. Kwalba uku, duka ukun kamar na farko. Ba kuskure ba ne.

Na gaya wa Dakta zancen leda. Ya ce, "To, mun gano. Wannan abin a gode ne, gyaransa a hannu yake." Sai na gaya masa abin da ake ciki a Gwandu, cewa ana ta yawo da shi wai man Dije guba ne.

Ya cire tabarau. Yau na fara ganin ransa ya ɓaci.

"Guba? Wannan ba abin da mutum zai ci ya faɗi ba ne. Jiki yana fitar da mafi yawansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin gudu shi ne a yi ta ci kullum, shekara da shekaru, musamman mai ciki da ƙananan yara. A daina, i, tun yau. Amma ba wanda zai iya nuna wani yaro ya ce man nan ne ya yi masa kaza. Wa ya fara cewa guba?"

Na ce mutanen gari ne, ya san halinsu.

Ya daɗe yana kallona. Ya mayar da tabaransa ya ce in je gida, zai yi mini uzurin darasin Juma'a.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe.

Haushin kowa nake ji. Har Peace da ba ta yi komai ba, don ta ce in yi haƙuri.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan magariba. Gwandu.

Tun daga zaure na san ba a yi suya ba. Gidanmu da ko makaho ya san shi da ƙamshi, yau warin awaki kawai. Kasko a kife, turmi a jingine, buhunan sabuwar gyaɗa huɗu da aka kawo daga Masama suna nan a ɗaure. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki hannu biyu a cinya. Ban taɓa ganin hannunta ba aiki da rana ba.

Na gaishe ta, ta amsa kamar baƙuwa. Na fara bayani. Na ce ba gyaɗarta ba ce, ba hannunta ba ne, ledar ce.

Ta ce, "Awo. Leda ta."

Na ce in aka cire ta shi ke nan.

"Shi ke nan? A cire leda, sunan hwa? Shi ma cire shi za a yi a yanko sabo? Jiya na tahi gidan rasuwa, wata ta ɗauke ɗanta daga kusa da ni. Ni Dije. Ni da mata ka aiko ma in sun haihu a ba su man hwarko."

Sai na koma faɗa da waɗanda ba sa nan. Na tambayi inda Gwaggo Jidda ke sayen mai yanzu. Ta ce gidan Malam Umaru, wajen matarsa. Nan kaina ya ɗau zafi, don matar Malam Umaru a wajen Inna ta ga ledar, ta yaba, Inna ta yanka mata da hannunta. Gida nawa ne suka kwaikwaya? Inna ta lissafa da yatsa: takwas. Gida takwas suna matsa a kan leda iri ɗaya, suna sayarwa hankali kwance, har ciniki ya ƙaru musu, ita kaɗai ce mai guba. Na miƙe na ce yanzu zan je in tona musu asiri ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Zauna. Bakinki bai gaji ba?"

Na zauna.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan sallar asuba.

To, in rubuta.

Ni na kawo ledar. Ina aji biyu na shimfiɗa wa ɗakinmu na Kalgo, yadi ɗaya da rabi ya rage, na zo da shi gida. A lokacin Inna a kan allon ice take matsa, wanda ta gada wajen kakarmu, ya yi baƙi wuluk don shan mai. Ni kuma na yi darasi uku a kan ƙwayoyin cuta, ina jin kaina kamar likita. Na tsaya a tsakar gida na ce allon ƙazanta ne, leda ta fi tsabta, ana goge ta fes. Inna ta ce allon bai taɓa cutar kowa ba. Na yi kwana biyu ina mita. Da ta tafi unguwa na sa gatari na faskara shi, da shi aka dafa tuwon ranar. Ta dawo ta ga toka, washegari ta shimfiɗa ledar. Har alfahari ta riƙa yi wa mata wai ɗiyarta ta jami'a ce ta koya mata.

Kuma ni na ce guba. Ba tsohuwar ba, ba Atiku ba. Abin da na ce wa Yaya ke nan: "Kada ki ƙara cin man Inna, da guba ciki." Na san ba haka sunansa yake ba. Na ga kalmar ta fi saurin shiga kunne ne, na ɗauka.

Ina jin kunya, kuma kunyar ba ta rage haushin ba ko kaɗan. Ta dai nuna masa gida.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan la'asar.

Na ce mata mu yi sabon mai ba leda, in kai a auna. Ta ce ita ta gama matsa, in je in auna ruwan rijiya.

Sai na kwance buhu da kaina. Na soya tiya biyu, rabi ya ƙone rabi ɗanye. Na kai inji, mai injin yana kallona yana murmushi ƙasa-ƙasa, na yi kamar ban gani ba. A bayan rumbu na tono tsohon dutsen niƙan kakarmu, na wanke shi da toka da ruwan zafi sau uku, na karkata shi da bulo. Duk wannan Inna tana ƙofar ɗaki, wai tana gyaran tsintsiya.

Na zuba ruwan zafi da yawa, tunkuza ta caɓe. Na ɗora a dutse na danna, ta kuɓuce ta faɗi ƙasa, kaji suka yo kai. Na sake ɗorawa, tafin hannuna ya yi ja, ko ɗigo bai fito ba. Ina dannawa ina zagin dutsen.

Ban ji tasowarta ba, sai ji na yi an ture ni da gwiwar hannu.

"Tashi, kina ɓata gyaɗa. Shekara huɗu jami'a, ba ki san ruwan tunkuza ba."

Ta kwaɓa abin da ya rage, ta gyara karkatar dutsen da ƙafa, ta danna sau uku, mai ya gangaro. Haka ta yi ta matsa har kwalba uku suka cika. Ledar kuwa ta naɗe ta da kanta ta cusa a bayan ɗaki. Na ce kada a ƙona ta, hayaƙin ba kyau. Ta yi mini kallon da ya sa na haɗiye sauran bayanin.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da hantsi. Kalgo.

An aika kwalaben tun Talata. Jira kawai.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan azahar.

Yaya ta kira, wannan karon daga banɗaki don kada a ji. Ta je awo, an ce komai lafiya, yaro yana motsi. Alhamdu lillahi. Uwar mijinta ta tuttular da sauran man a kwata, a gaban maƙwabta, har da kiran mutane su shaida. Inna kuma ta sayar da buhu ɗaya na gyaɗa ɗanye, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na tambaye ta ko Inna tana zancena. Ta ce, "Tana tambaya ko kina cin abinci." Wannan ya fi zagi ciwo.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da safe.

Na je ofishin Dakta sau uku jiya. Ya ce na'ura ba ta san ina sauri ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar.

Ya zo. Kwalba uku na dutse, abin da ke ciki bai kai ma na'urar ta iya ƙirgawa da kyau ba. Dakta ya buga mini takardar, ya sa hannu, ya ce, "A aikinki ba za mu sa sunan kowa ba, lamba kawai. Amma sauran gidajen, Huseina, su ma mutane ke cin mansu. Ki san yadda za ki faɗa, ba irin na farko ba."

Ashe ya sani tun ranar. Na ruga tasha, na tarar motar ƙarshe ta tashi, sai gobe.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan magariba. Gwandu.

Na miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini.

"Wa ka karatun takarda cikin masu ƙosai? Da bakinki kiɓ ɓata, da bakinki za ki gyara. Gobe gida-gida. Ni gaba, ke baya. Kuma ki hwara da waddak kawo leda."

Na ce masu ledar za su zage ni. Ta ce, "Su zage ki. Ni sati uku ana yi."

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan la'asar.

Gida tara muka shiga. Ƙafata kamar ba tawa ba.

Inna ta sa mayafinta na unguwa, ta ɗauki kwalba guda ta sabon mai a hannu. Kowane gida ita ke yin sallama, a shimfiɗa mana tabarma, a gaisa, sai ta yi shiru ta kalli ƙasa. Ni ke magana. Abu ɗaya na yi ta faɗa har na haddace: ni Huseina na kawo ledar, ni na ce guba, kuma ba guba ba ce. Wani abu ne da mai zafi ke tsotsowa daga leda, shi ya sa take bushewa. Ba ya kashe mutum nan take, amma ci kullum ba kyau, balle ga mai ciki da yara. A koma dutse ko allo ko farantin silba. Na Inna yanzu a dutse ake yi, an auna, lafiya lau.

Matar Malam Umaru ta ce hassada ce ta kawo mu don ciniki ya koma wajenta. Sai na ce ta ɗauko ledarta ta taɓa gefe ta taɓa tsakiya. Ta taɓa, ta yi tsaki, amma da muka fito na hango ta tana naɗewa. Gida biyu sun ce za su duba. Wata tsohuwa ta ce boko ne ya kawo, boko ne ya kore, gobe ma zai kawo wani. Ban yi musu ba, gaskiyarta ce. Wata kuma ta zage ni tas, Inna tana zaune ko motsi ba ta yi ba.

Gidan Gwaggo Jidda ne na tara. Mun same ta tana surfa wake. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta ajiye taɓarya ba. Na nuna takarda, ko kallo ba ta yi ba. Ta juya wajen Inna.

"Dije, na ji ɗiya. Ke mi kic ce?"

Inna da tun safe sallama da gaisuwa kawai take yi ta ce, "Ba ni ludayi."

Aka ba ta. Ta buɗe kwalbar ta cika shi taf, ta yi bismilla ta shanye a gaban kowa, ta goge baki da gefen mayafi.

Jini ya hau mini kai. Wannan ai ba hujja ba ce! Tsohon man ma da ta sha ludayi goma ba abin da za a gani, abin da na wuni ina faɗa ke nan gida tara. Wata guda, kwalba goma sha uku, na'urar da sai an je wani gari, sa hannun Dakta, duk a ajiye a gefe a kama ludayi? Na buɗe baki zan gyara zancen.

Inna ta ɗora ƙafarta a kan tawa ta danna, irin dannar da take wa tunkuza.

Gwaggo Jidda ta jingine taɓarya. Ta karɓi kwalbar ta shinshina, ta ɗiga a yatsa ta lasa. Ta ce, "Galan guda, Talata da sahe. Na dutse hwa, Dije."

Inna ta ce, "Na dutse."

Na ja bakina na yi shiru. Muka kamo hanyar gida. A zaure ta tsaya ta ce in kira malamina in ce sai Laraba zan koma, dutse ya fi leda cin ƙarfi, kafaɗarta ba za ta iya galan ita kaɗai ba.

Na kira shi. Yanzu zan je in kwance buhu.